Wa Ke Zuwa Idan An Kira 911 a Karkara? Tambayoyi da Amsoshi Kan Agajin Gaggawa a Gundumomin Amurka

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda aiki, karatu ko aure ya kai su zama a karkarar Amurka, inda gida ke nesa da gida, asibiti kuma ya fi komai nisa. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, har ma daga gunduma zuwa maƙwabciyarta, saboda haka abin da ke nan shi ne tsarin da aka fi samu. Wanda ke son sanin takamaiman halin da yankinsa ke ciki, ya leƙa ofishin gundumarsa ya tambaya tun ana zaune lafiya.

Mece ce gunduma, kuma me ya sa agajin gaggawa ya rataya a wuyanta?

Kusan kowace jiha a Amurka an karkasa ta zuwa gundumomi, kuma jimillarsu a faɗin ƙasar ta haura 3,000. Girmansu ba ɗaya ba ne. Gundumar San Bernardino a Kalifoniya ta zarce murabba'in mil 20,000, gundumar Loving a Tekzas kuwa mutum 64 kacal aka samu a cikinta a ƙidayar 2020. Zaɓaɓɓun kwamishinoni ne ke tafiyar da yawancinsu, galibi uku ko biyar, sannan akwai sherif, wato shugaban jami'an tsaron gunduma, wanda a kusan ko'ina shi ma jama'a ke zaɓa.

Amurka ba ta da hukumar kashe gobara ta ƙasa da ke da reshe a kowane gari. Tsarin mulkin ƙasar ya bar wa jihohi kula da lafiya da tsaron jama'a, su kuma jihohin suka miƙa mafi yawan aikin ga garuruwa da gundumomi. A cikin gari, hukumar garin ce ke da alhaki. Da zarar ka fita daga iyakar garin ka shiga gonaki da dazuzzuka, nauyin ya koma kan gunduma, ko kan wani yanki na musamman da mazauna suka kafa don kashe gobara. Shi ya sa za ka tarar da gunduma ɗaya mai rundunonin kashe gobara takwas ko goma, kowace da shugabanta da asusunta, motar asibiti tana ƙarƙashin wata hukuma dabam, ofishin kula da bala'o'i kuma dabam. Abin da ke haɗa su shi ne cibiyar karɓar kira da yarjejeniyoyin taimakon juna, waɗanda za a yi bayaninsu a ƙasa.

Idan na buga 911, wa ke ɗauka, kuma me zai tambaye ni?

Kiran yana faɗawa cibiyar karɓar kira ta gunduma, wadda a karkara sau da yawa ɗaki ɗaya ne a ofishin sherif. Da dare mutum biyu za ka tarar a ciki, wani lokacin ma ɗaya, yana amsa waya, yana magana da jami'ai ta oba-oba, yana rubuta komai a kwamfuta. An fara amfani da lambar ne ranar 16 ga Fabrairu, 1968, a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama.

Tambayar farko ita ce inda kake, tun kafin a tambayi abin da ya faru. Dalilin a fili yake: idan layi ya yanke bayan ka faɗi wurin, za a iya turo wani, amma idan labarin kawai ka bayar, an san akwai matsala ba a san inda za a nufa ba. Wayar gida tana nuna adireshi da kanta. Wayar hannu kuwa kintacen wuri take bayarwa, kuma a inda turakun sadarwa ke da tazara kintacen na iya kaucewa sosai, har kiran ya faɗa cibiyar gundumar maƙwabta a sake miƙo shi. Saboda haka faɗi lambar gida, sunan hanya, da mararraba mafi kusa.

Kada ka kashe wayar sai an ce ka kashe. Tambayoyin da yake jero maka ba sa jinkirta agaji, domin yana sauraronka ne yana tura mutane. A cibiyoyi da dama an horar da masu karɓar kira su koya maka danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, ko tsayar da jini, kana kan layi. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya faɗi sunan harshensa, cibiyoyi da yawa suna da hanyar haɗa tafinta ta waya. Don damuwar ƙwaƙwalwa da tunanin kashe kai akwai lamba ta dabam, 988, da ta fara aiki a Yulin 2022.

Su wane ne 'yan kwana-kwanan karkara?

Maƙwabtanka ne. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka 'yan sa-kai ne, kuma a ƙananan garuruwa kusan dukkansu haka suke. Al'adar ta daɗe, domin tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a Filadelfiya.

Ga yadda abin yake a zahiri. Ƙarfe biyun dare wata 'yar na'ura da ke gefen gado ta yi ƙara, muryar mai karɓar kira ta biyo baya da adireshi da irin matsalar. Manomi ya tashi, makaniki ya tashi, malamar makaranta ta tashi. Kowa ya ja motarsa zuwa tasha, wadda babu kowa a cikinta sai motoci da riguna rataye, takalman kuma an riga an cusa su cikin ƙafafun wando don a zura gaba ɗaya. Wanda ya fara isowa ya ɗaga ƙofa ya tayar da injin, sai ya jira a samu mutum biyu ko uku kafin a fita. Idan an gama da asuba, a dawo a wanke tiyo, a cika tankin ruwa, a sake cika tukwanen iskar numfashi, sannan kowa ya wuce wurin neman abincinsa. Wasu rundunoni suna ba da ɗan ihisani a kan kowane kira, wasu ko sisi.

Akwai kuma rundunoni masu haɗaka, inda ake ɗaukar mutum biyu ko uku aiki da albashi su tsare tasha da rana, 'yan sa-kai su cike giɓi da dare da ƙarshen mako. Rana ce lokacin da ya fi wuya, domin yawancin 'yan sa-kai suna aiki ne a wani gari mai nisa.

Me ya sa agaji ke daɗewa bai iso ba?

Lissafa matakan: lokacin karɓar kira, lokacin da ɗan sa-kai zai bar gida ya isa tasha, lokacin jiran abokan aiki, sannan tafiyar mil goma ko ashirin a babbar mota mai nauyi, wataƙila a hanyar tsakuwa ko cikin dusar ƙanƙara. Ƙa'idar da ƙungiyar kariya daga gobara ta ƙasar, NFPA, ta shimfiɗa wa rundunonin sa-kai na karkara ita ce a tara mutum shida a wurin gobara cikin minti 14, a kashi 80 cikin ɗari na kiraye-kiraye. Wannan buri ne, kuma ba kowace runduna ke cim masa ba.

A ɓangaren motar asibiti, wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa matsakaicin lokacin isowa a ƙasar baki ɗaya minti bakwai ne, a karkara kuwa ya haura minti 14, kuma kusan kira ɗaya cikin goma sai an jira wajen rabin awa. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba shi da wannan lokacin, domin duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna masa ƙirji ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kashi bakwai zuwa goma cikin ɗari. Wannan ne ya sa amsar da ke ƙasa kan abin da mazauni zai tanada a gida ta fi kowace muhimmanci a wurina.

Ina suke samun ruwa a wurin da babu famfon kashe gobara?

Ɗauko shi suke yi. Motar kashe gobara ta karkara takan zo da galan 750 zuwa 1,000 a cikinta. Tiyo ɗaya da ake shiga gida da shi yana fitar da kimanin galan 150 a minti, wato galan 1,000 ba zai kai minti bakwai ba. Don haka tun a kiran farko ake tura tankoki masu ɗaukar galan 2,000 zuwa 3,000.

Idan an isa, sai a shimfiɗa wani tanki mai naɗewa a bakin hanya, ƙarfe ne da tamfol, buɗe a sama. Tanka ta ja da baya ta juye ruwanta a ciki cikin minti ɗaya ko biyu, ta juya ta koma ɗebo wani, ta biyu ta matso. Motar kashe gobarar tana zuƙa daga wannan tanki tana turawa cikin tiyo. Wurin ɗebowa kuwa tafki ne, ko rafi, ko tankin ƙarƙashin ƙasa, inda aka riga aka binne bututu da bakinsa a gefen hanya don mota ta jona ta zuƙa. Ana naɗa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai lura da zirga-zirgar tankokin nan, domin idan ruwa ya yanke alhali akwai mutane a cikin gida mai ci da wuta, rayukansu ne a kan layi. Tanka cike da ruwa tana da saurin kifewa a kwana, shi ya sa direbobinta ke tafiya a hankali ko da jiniya na kuka. Runduna ɗaya ba ta da tankokin da za su isa wannan aiki, sai da na maƙwabta, kamar yadda amsar taimakon juna da ke ƙasa za ta nuna.

Na kira don rashin lafiya, sai motar kashe gobara ta fara isowa. Kuskure aka yi?

A'a, haka aka tsara. Tashoshin kashe gobara sun fi na motocin asibiti yawa kuma sun fi warwatsuwa, saboda haka su ne kusa da kai. Gunduma guda tana iya samun motar asibiti biyu ko uku kacal da ke bakin aiki. 'Yan kwana-kwana sukan iso da iskar oksijin, na'urar farfaɗo da zuciya da kayan tsayar da jini, su riƙe maras lafiya kafin motar ta zo. A yau kusan kashi biyu cikin uku na kiran da rundunonin kashe gobara ke amsawa na rashin lafiya ne da haɗari, gobara kuwa ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Ma'aikatan hawa-hawa ne. Akwai mai ba da agajin farko, akwai wanda ake kira EMT, mai horon awa 120 zuwa 150 ko fiye, sannan akwai faramedik, wanda karatunsa ya haura awa 1,000, shi ne mai karanta hoton bugun zuciya, ya sa bututun numfashi, ya ba da magunguna masu ƙarfi. Dukkansu suna aiki ne da izinin wani likita da ke rubuta musu ƙa'idojin aiki. Idan motar da ta ɗauko maras lafiya ba ta da faramedik, akan shirya ta haɗu da shi a hanya, ya shigo a ci gaba da tafiya. Tsarin nan bai daɗe sosai ba. Kafin wani rahoto na 1966 da ya fallasa yawan mace-macen haɗari, da dokar tarayya ta 1973 da ta biyo baya, a garuruwa da dama masu shirya jana'iza ne ke ɗaukar marasa lafiya, saboda su ne ke da motar da mutum zai kwanta a ciki.

Wane asibiti za a kai ni, kuma yaushe ake kiran jirgi?

Gundumomin karkara da yawa suna da ƙaramin asibiti na rukunin da dokar 1997 ta ƙirƙiro, mai gadon da bai wuce 25 ba, wanda bisa ƙa'ida yake da nisan sama da mil 35 daga wani asibiti, ko mil 15 a yankin duwatsu. Sashen gaggawarsa a buɗe yake dare da rana, amma ba lallai a samu likitan tiyata ko na zuciya ba. Aikinsa ya daidaita maras lafiya ya tura shi gaba. Wata dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, su daidaita shi, ko yana da kuɗi ko babu.

Idan rauni ya yi tsanani, ko shanyewar ɓarin jiki ce, ko bugun zuciya mai buƙatar buɗe jijiya, ma'aikatan na iya wuce ƙaramin asibitin su nufi babba kai tsaye, ko su kira jirgi mai saukar ungulu. 'Yan kwana-kwana ne ke share masa wurin sauka a gona ko a kan titi, su nuna wa matuƙi inda wayoyin lantarki suke. Amma hazo, ƙanƙara ko iska mai ƙarfi sukan hana shi tashi. Sannan duk motar da ta tafi babban asibiti mai nisan awa biyu, ta bar gundumar da giɓin awa huɗu ko biyar.

Wa ke biyan kuɗin kashe gobara?

Galibi harajin gidaje da filaye. Mazauna yanki sukan kaɗa ƙuri'a su amince da wani kaso da zai tafi asusun kashe gobara, kuma idan ana son ƙari sai an sake komawa gare su. Inda harajin bai isa ba, rundunar kan shirya cin abincin tara kuɗi, ko ta tsaya a mararraba da takalmin aiki a hannu masu motoci suna jefa abin da ya sawwaƙa. Akwai tallafin tarayya na sayen kayan aiki da aka fara rabawa a 2001, amma gasa ake yi a kansa. Sabuwar motar kashe gobara yanzu ta haura dala rabin miliyan, shi ya sa za ka ga rundunar ƙauye tana lallaɓa motar da ta shekara ashirin ko talatin, wadda ta saya a hannun wani birni.

A wasu wurare kuɗin rajista ake biya duk shekara. A 2010, a gundumar Obion ta jihar Tenesi, wani gida ya ƙone ƙurmus ba a kashe wutar ba saboda mai shi bai biya dala 75 na shekarar ba, lamarin da ya tayar da ƙura a ƙasar baki ɗaya. A ganina irin wannan tsari bai dace da aikin ceto ba, kuma haraji ya fi shi adalci. Duk da haka yana nan a wasu yankuna, don haka duk wanda ya sayi gida ko ya kama haya a wajen gari ya tambaya tun ranar farko: wace runduna ce ke kula da wannan adireshi, kuma ana biyan wani abu?

Amsar tana shafar kuɗin inshora ma. Kamfanonin inshora da yawa suna duba makin da ake ba kowane yanki daga 1 zuwa 10, inda 1 ya fi kyau. Gidan da ya wuce mil biyar daga tasha yakan faɗa mataki na 10, mai shi ya biya da tsada.

Motar asibiti fa, kyauta ce?

Yawanci ba kyauta ba ce, takardar biya za ta biyo ka gida. Kuma a nan ne tsarin karkara ya fi rauni. Medicare da yawancin kamfanonin inshora suna biya ne idan an ɗauki maras lafiya zuwa asibiti. Idan an yi masa magani a gida ya samu sauƙi ya ƙi tafiya, sau da yawa babu abin da ke shiga asusun motar. Alhali kuɗin da ya fi ci shi ne na zaman shiri: albashin mutum biyu, awa 24, ko an kira ko ba a kira ba. Birni yana da kira da yawa da za su rufe wannan kuɗi, gunduma mai kira uku a rana ba ta da su. Ƙari a kan haka, a jihohi da dama doka ba ta tilasta wa gunduma samar da motar asibiti ba.

Dokar hana takardun biya na ba-zata da ta fara aiki a 2022 ta shafi jiragen ɗaukar marasa lafiya, amma ta bar motocin ƙasa a waje. Duk da haka tsoron kuɗi bai kamata ya hana kowa kira ba. Ana iya neman ragi ko biya kaɗan-kaɗan daga baya.

Idan abin ya fi ƙarfin runduna ɗaya fa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma rundunonin karkara sun san haka tun kafin a rubuta shi a takarda. Suna da yarjejeniya iri biyu. A ta farko, shugaban da ke wurin ne ke neman ɗauki idan ya ga buƙata. A ta biyu ba a jiran sai an nema: duk kiran gobarar gida, cibiya tana tayar da rundunoni biyu ko uku lokaci guda. Wani dalilin shi ne ƙa'idar tsaron ma'aikata da ta ce idan mutum biyu za su shiga gida mai ci da wuta, dole biyu su tsaya a waje a shirye don ceto su, sai fa idan akwai ran da za a ceta nan take. Idan motocin wani gari duk sun fita, wata runduna takan matso ta tsare musu tasha.

Wutar daji tana jawo hukumar gandun daji ta jiha, da ta tarayya idan filin nata ne. A Fabrairun 2024 gobarar Smokehouse Creek a arewacin Tekzas ta cinye sama da eka miliyan ɗaya, kuma rundunonin sa-kai na ƙananan garuruwa ne suka fara tarar ta. Tsakanin jihohi ma akwai yarjejeniyar aron ma'aikata da kayan aiki, wadda majalisar dokokin tarayya ta amince da ita a 1996.

Idan hukumomi da yawa suka taru, wa ke ba da umarni?

Akwai tsarin jagoranci guda da kowa ya koya. An ƙirƙiro shi ne bayan gobarar dajin Kalifoniya ta 1970, inda aka ga hukumomi sun taru da yawa amma oba-obarsu ba ta jin juna, kalmominsu sun bambanta, ba a san wa ke gaba ba. A 2004 aka mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya. Jami'in da ya fara isowa shi ne kwamanda, ko da ƙarami ne, har sai ya miƙa wa wani a fili ta oba-oba. Kowane mutum shugaba ɗaya yake amsa wa, kowane shugaba kuma yana kula da mutum uku zuwa bakwai. Ana magana da kalmomi na yau da kullum, a ajiye lambobin sirri. Idan lamarin ya shafi ɓangarori da yawa, kamar haɗarin motar sinadari a babbar hanya, shugabannin kashe gobara, tsaro da lafiya sukan tsaya wuri ɗaya su yanke shawara tare.

Mene ne aikin jami'in kula da bala'o'i na gunduma?

Ba shi ke riƙe tiyo ba. Shi ne wanda ya san lambar wayar kowa: mai katafila, shugaban makarantar da za a mayar mafaka, kamfanin lantarki, gidan kula da tsofaffi, ƙungiyar Red Cross. A ƙananan gundumomi mutum ɗaya ne, wani lokacin ma aikin wucin gadi ne da aka ɗora wa shugaban 'yan kwana-kwana ko wani mataimakin sherif. Shi ke rubuta kundin shirin gaggawa, ya shirya atisaye, ya buɗe cibiyar gudanarwa idan bala'i ya auku. Kwamanda yana fagen aiki, shi kuma yana nemo masa abin da ya rasa, janareta ne, ruwan sha ne, ko motocin kwashe mutane.

Akwai kuma kundin rage haɗari, wanda dokar 2000 ta sa ya zama sharaɗin samun wasu tallafin tarayya, ana sabunta shi duk shekara biyar. A ciki ake rubuta gadar da ruwa ke shanyewa duk shekara da gidajen da ke kan hanyar ambaliya. Sannan wata dokar ta 1986, wadda ta biyo bayan bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya a 1984, ta kafa kwamitocin yanki da masana'antu ke sanar wa irin sinadaran da suka ajiye. Muhimmancin wannan ya fito fili ranar 17 ga Afrilu, 2013, a garin West na Tekzas, inda ma'ajiyar takin zamani ta fashe ana tsakiyar kashe gobara. Mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. Ɗan sa-kai yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin ginin da aka tura shi.

Yaushe jiha da gwamnatin tarayya ke shigowa?

Daga ƙasa ake hawa. Gunduma ta ayyana dokar ta-ɓaci ta nemi jiha. Gwamna ya turo abin da yake da shi, har da dakarun tsaron jiha. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin jihar, gwamnan ne kaɗai, ko shugaban wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar a yankinsa, ke roƙon shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i a ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988. Bayan haka ne hukumar kula da bala'o'i ta tarayya, FEMA, wadda aka kafa a 1979, ke buɗe asusu. Takan mayar da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kuɗin gyaran kayan gwamnati da kwashe ɓaraguzai, kuma sai an nuna takardu, shi ya sa ake rubuta awannin da kowane ɗan sa-kai da kowace mota suka yi.

Mutane da yawa suna zaton FEMA za ta iso da motocin ceto a daren farko. Daren farko na mutanen gunduma ne. Kuma ambaliyar da ta rusa gida ashirin a ƙauye tana iya gaza kai ma'aunin da ake ayyana bala'in tarayya, ko da ta durƙusar da ƙauyen. Ya kamata a sani kuma cewa inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an saya mata tata dabam.

Ta yaya za a gargaɗe ni kafin bala'i ya iso?

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa hawa biyu: ta zama cikin shiri, idan yanayi ya nuna abin na iya faruwa, da ta gargaɗi, idan yana faruwa ko ya kusa. Gargaɗin yana shigowa wayoyin hannu da kansa tun 2012. Jiniyar gari an yi ta ne don waɗanda ke waje, kuma ba ta kaiwa gonaki masu nisa. Saboda haka gidan karkara yana buƙatar rediyon yanayi mai batir, wanda ke kunna kansa ko da tsakar dare. Gundumomi da yawa suna da nasu tsarin aika saƙo, amma sai ka yi rajista da lambarka.

Ranar 4 ga Mayu, 2007, guguwa mafi ƙarfi a ma'auni ta rusa kusan kashi 95 cikin ɗari na garin Greensburg a Kansas, mai mutum kimanin 1,500. An busa jiniya wajen minti 20 kafin ta iso, mutane suka shige ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka rasu ba su wuce 12 ba. Idan aka ce a bar gari saboda wuta ko ruwa, a bar shi nan take, domin ƙauyuka da yawa hanya ɗaya ko biyu gare su. A gobarar da ta cinye garin Paradise na Kalifoniya a Nuwamban 2018, inda mutum 85 suka rasu, cunkoson motoci a hanyoyin fita ya ƙara tsananta lamarin.

Me ya kamata in tanada a gidana?

Fara da lambar gida. A kafa ta a bakin hanya, manyan lambobi masu ƙyalli, ana gani daga dama da hagu. Direban motar asibiti da ke neman gida cikin duhu ba ya ganin lambar da aka manna a ƙofa mai nisan mita ɗari daga titi. A sare rassan da suka rufe mashiga, a tabbata babbar mota za ta iya shiga ta juya. Idan an kira da dare, a kunna fitilun waje, a ɗaure kare, a tura wani bakin hanya da tocila.

A cikin gida a sa na'urar gano hayaƙi a kowane ɗakin kwana da kowane hawa, da ta gano iskar gas mai guba idan ana ɗumama gida da wuta. Janareta a waje ake kunna shi, nesa da taga. A rubuta jerin magungunan kowa a manna a firji. A ajiye ruwa da abinci na aƙalla kwana uku, galan ɗaya ga kowane mutum a rana. Kafin ƙona shara ko ciyawa a tambayi ofishin gunduma ko ana buƙatar izini, ko an hana saboda fari. Sama da duka, wani a gidan ya koyi danna ƙirji da ɗaure jijiya don tsayar da jini. Darasin 'yan awanni ne, kuma rundunoni da asibitoci da dama suna koyarwa kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan.

Baƙo zai iya shiga aikin sa-kai?

A yawancin wurare zai iya, kuma ana nemansa ido rufe. 'Yan sa-kai na kashe gobara sun kusa 900,000 a 1984, zuwa 2020 sun sauko ƙasa da 700,000, alhali yawan kira ya ninka har sau uku. Matasa suna barin ƙauyuka, masu aiki suna tafiya nesa, horo kuma ya ƙaru, domin matakin farko kaɗai yakan ci sama da awa 100 na dare da ƙarshen mako. A tashoshi da yawa za ka tarar masu furfura ne ke tuƙa mota.

Kowace runduna da sharuɗɗanta, galibi shekara 18, lasisin tuƙi, binciken tarihin mutum da gwajin lafiya. Wanda ke zaune da biza ya fara tuntuɓar mai ba shi shawara kan dokar shige da fice, musamman idan ana ba da ihisani. Rundunar ce ke ba da kaya, kuma yawanci ita ke biyan kuɗin horo. Wanda ba zai iya shiga wuta ba, akwai tuƙin tanka, riƙe littafin kuɗi, rubuta takardar neman tallafi, tafinta, ko kai ruwa da abinci wurin aiki. Akwai kuma ƙungiyoyin agajin unguwa da aka fara a Los Angeles a 1985, masu horon kimanin awa 20. Yawancin tashoshi suna da dare ɗaya a mako ko a wata da suke taruwa don atisaye, kuma ofishin gunduma zai faɗa maka ranar da wanda za ka nema idan ka je.